Zaman Baƙunci A Deya, Wani Ƙauye A Gaɓar Bahar Rum

Masu karatun wannan shafi, tun daga Sabo ta Ibadan har Agege da Shagamu da Anacha, ba sai an koya musu abin da ake kira zaman baƙunci ba. To, amma da yawanmu mun ɗauka talaka ne kaɗai ke barin garinsu ya tafi neman abinci. Ba haka abin yake ba. A ƙasashen Turai akwai dubban mutane masu abin hannunsu, Ingilishi da Jamusawa da Amurkawa da sauransu, waɗanda ke tattara nasu ya nasu su koma ƙananan ƙauyukan da ke gaɓar Bahar Rum. Wasu sun yi ritaya, wasu marubuta ne ko masu zane ko makaɗa, wasu kuwa sanyin ƙasarsu ne ya ishe su.

A wannan mako za mu duba ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, watau Deya, da ke tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, mu ga yadda baƙi ke zaman yau da kullum a cikinsa bayan hunturu ya wuce. Mun zaɓi wannan lokaci ne don a cikinsa ake gane baƙon da ya zauna ya zama ɗan gari, da wanda ya sayi gida kawai ya kulle ya tafi. Wannan bambanci kuwa ba ƙarami ba ne, don a kansa rayuwar ƙauyen ta rataya.

Inda ƙauyen yake

Deya na arewa maso yammacin tsibirin, kamar mil 20 daga Palma, babban birnin Mayorka. Ƙauye ne na gidajen dutse, an gina shi a kan wani tudu, coci na can ƙoli, tsaunin Tesh na bayansa, teku kuma na ƙasa, tafiyar kamar rabin sa'a a ƙafa. Mazaunansa na dindindin ba su kai dubu ɗaya ba, kuma kaso mai yawa daga cikinsu ba a Sifen aka haife su ba.

Sunan ƙauyen ma yana da tarihi. Masana sun ce daga Larabci ya fito, daga kalmar da ke nufin ƙauye ko gandu, domin Musulmi sun mallaki tsibirin tun farkon ƙarni na 10 har shekarar 1229, lokacin da Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya ci shi da yaƙi. Har yau kalmomin da manoman wurin ke kiran magudanar ruwa da tafkin ajiye ruwa da su na Larabci ne da harshensu ya lanƙwasa.

Da yake ƙasar gangare ce, mutanen da sun sassaƙe jikin tsaunin sun mai da shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti ba laka. A kan hawan nan aka dasa zaitun, wasu itatuwan sun yi ɗaruruwan shekaru. Wanda ya taɓa ganin gonakin duwatsun Gwoza ko na Sukur a Adamawa zai fahimci abin da ake nufi. A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na tsaunukan Taramuntana cikin wuraren tarihi na duniya, saboda wannan aiki na dutse da ruwa.

Yadda baƙi suka fara zuwa

Ɗaya daga cikin baƙin farko da suka yi suna a yankin shi ne wani ɗan gidan sarautar Ostiriya, Ludwig Salvator, wanda ya fara sayen filaye a gaɓar nan a 1872. Amma wanda ya sa duniya ta san Deya shi ne marubucin nan Baturen Ingila, Robert Graves. Ya iso a 1929, ya gina gida a bakin ƙauyen a 1932, a nan kuma ya rubuta littafinsa I, Claudius da ya fito a 1934. Da yaƙin basasar Sifen ya ɓarke a 1936 sai dole ta sa ya fita, bai dawo ba sai 1946. Daga nan ya zauna har ya rasu a watan Disamba na 1985, aka binne shi a maƙabartar cocin ƙauyen, cikin kaburburan manoma da masunta. Tun 2006 aka mai da gidansa gidan tarihi, makarantar firamaren ƙauyen kuma sunansa take amsawa.

Sunan Graves ya jawo wasu. Cikin shekarun 1960 da 1970 masu zane da makaɗa da samarin Turawa masu yawon duniya suka yi ta kwararowa, don a lokacin hayar gida a Deya ba ta taka kara ta karya ba. Wani Ba'amurke mai binciken kayan tarihi, William Waldren, ya buɗe ɗan gidan tarihi a ƙauyen a 1962. Daga baya masu kuɗi suka biyo sahu. A 1984 aka buɗe babban otal ɗin La Residencia, wanda attajirin nan Richard Branson ya mallaka daga 1987 zuwa 2002. Tun daga nan Deya ya tashi daga ƙauyen da ake fakewa don araha, ya koma ɗaya daga cikin wurare mafi tsadar gida a tsibirin duka.

Shigowar bazara

Watannin Maris da Afrilu da Mayu su ne a wurinmu bazara, lokacin da rana ke ƙuna ana jiran ruwan fari. A can kuwa lokaci ne na sanyi-sanyi mai daɗi, bayan an sha ɗari. Furen itacen almon, wanda ya cika tsibirin fari fat a ƙarshen Janairu da Fabrairu, ya riga ya zube. Ciyawa ta yi kore shar a ƙarƙashin zaitun, tumaki na kiwo da ƙararrawa a wuya, rafin da ke ratsa ƙauyen yana gudu in an samu ruwan sama. Cikin Afrilu ƙamshin furen lemo kan gauraye kwarin Solar, garin da ke maƙwabtaka da Deya, kamar mil 6 ko 7 daga nan.

Da hunturu agogon Sifen daidai yake da namu na Nijeriya. Amma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sai su tura shi gaba da awa ɗaya, yadda a watan Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Wannan canji na agogo kusan shi ne alamar farkawar ƙauyen. Otal-otal da gidajen abinci da yawa da suka rufe tun Nuwamba sai su fara share ƙura, ana fenti, ana ɗaukar ma'aikata, don a shirya kafin bikin Ista.

Baƙon da ya kwana hunturu a ƙauyen shi ma nasa aikin na jiransa. Gidan dutse yana da sanyi lokacin zafi, amma da hunturu yakan tara danshi, saboda haka abin da ake fara yi shi ne a buɗe tagogi, a shanya katifu da barguna, a goge bango. In yana da gona a bayan gida, sai ya nemi mai sassabe rassan zaitun, a kwashe kararen tun kafin hukuma ta hana ƙona shara a daji saboda tsoron gobara, hanin da kan fara cikin Mayu. In ruwan hunturu ya rusa wani sashen katangar gona, dole a nemo maginin dutse, kuma irin waɗannan magina ba su da yawa, sai an bi layi. A nan ne baƙon da ya saba gaisawa da maƙwabta ke cin riba, don shi za a nuna wa wanda ya iya aikin, shi kuma za a fara zuwa wa.

Yinin ƙauyen yana da nasa tsari. Da safe a sayi burodi a ɗan kantin gari, a zauna shan gahawa a dakalin shago ana jin labarin wanda ya haihu da wanda ya kwanta asibiti. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa ba a cika cinsa kafin takwas da rabi ko tara ba, abin da kan ba sabon zuwa daga Ingila ko Jamus wahala kafin cikinsa ya saba. Abincin talaka da na mai kuɗi duka shi ne burodi da aka goga wa tumatir aka zuba man zaitun da gishiri. Babban cefane kuwa sai ranar Asabar a kasuwar Solar, ko a shiga bas ko mota zuwa Palma.

Hanyar motar guda ɗaya ce, siririya, mai kwana-kwana a gefen tsauni. Da bazara ta shigo sai ta cika da ayarin masu tseren keke daga arewacin Turai, waɗanda ke zuwa atisaye, ga kuma masu yawon ƙafa da ke bin tsohuwar hanyar dutse da ta ratsa tsaunukan. Tafiyar da mazaunin ƙauye ke yi cikin minti kaɗan a Janairu sai ta ninka, wurin ajiye mota kuma ya zama abin faɗa.

Takardu da harshe

Kada mai karatu ya zaci Bature ba ya shan wahalar ofis a ƙasar da ba tasa ba. Duk baƙon da zai sayi gida ko mota, ko ya kama aiki a Sifen, sai ya mallaki lambar shaidar baƙi, wadda suke kira NIE. Bayan wannan akwai rajistar mazauna gari a ofishin hukumar ƙauye. Wannan rajista ita ce ƙofar sa yaro a makaranta da samun likitan gwamnati na yankin, kuma yawan sunayen da ke cikinta na daga cikin abin da ake dubawa wajen raba wa hukumomin garuruwa kuɗi. Watau wanda ke zaune a ƙauye bai rubuta sunansa ba, yana shan ruwan gari yana bin hanyar gari, amma ba a ƙidaya shi wajen kason gari.

Bazara kuma ita ce lokacin haraji. Wanda ya yi fiye da kwana 183 a Sifen cikin shekara, to ƙasar na ɗaukarsa mai biyan haraji a can, kuma daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni ake cika takardun. Galibin baƙi kan biya wani wakili da ya san kan ofisoshi ya yi musu.

Ingilishi sun fi kowa ganin canji. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai a ƙarshen Janairun 2020, aka kuma gama wa'adin sauyi a ƙarshen wannan shekara, Baturen Ingila da ba shi da izinin zama ba ya iya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, ko da kuwa gidan nasa ne na kansa. Mutumin da a da yake shigowa ya fita yadda ya ga dama, yanzu da kalanda yake lissafin kwanakinsa.

Sai batun harshe, wanda shi ne babban ma'auni. Sabon zuwa kan yi ta fama da Sifananci, sai ya fara kama shi ya tarar mutanen ƙauyen a tsakaninsu wani harshe suke yi dabam, watau Katalanci irin na Mayorka. Da shi ake yawancin karatu a firamare, da shi ake taron hukumar gari. 'Ya'yan baƙi kan tashi da harshe uku ko huɗu, su zama tafintocin iyayensu a ofis da asibiti, kamar dai yadda yaran da aka haifa a Sabo ke yi wa iyayensu Yarbanci a kasuwa. Da Turanci kaɗai mutum na iya shekara ashirin a Deya bai ji yunwa ba, amma ba zai san abin da ake ciki a garin ba.

Ista da sauran bukukuwa

Babban bikin bazara shi ne Ista. A makon nan gidajen Mayorka kan taru, iyaye da kakanni da jikoki, a yi ta gasa wani ɗan burodi mai kama da ƙaramin kwano da ake cusa wa naman rago ko koren wake a rufe, da wani mai zaƙi mai siffar jinjirin wata. Ana aika wa maƙwabta, kuma baƙon da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa aka miƙo masa faranti ya san an fara sa shi cikin lissafi. Amma fa Musulmin da ya je can sai ya tambaya, don da kitsen alade ake kwaɓa yawancin irin waɗannan, har da shahararren burodin tsibirin mai suna ensaimada.

Cikin makonnin farko na Mayu kuma mutanen Solar ke bikinsu na Firo, na tunawa da ranar 11 ga Mayu, 1561, lokacin da kakanninsu suka kori mahara da suka zo ta teku daga gaɓar Aljeriya. Jama'a kan rabu gida biyu, a yi wasan yaƙi da bindigogin gargajiya tun daga bakin teku har dandalin gari. Deya kuwa nata bikin sai 24 ga Yuni, kuma shi ne ke rufe bazara ya buɗe lokacin zafi.

Baƙi iri biyu

Akwai wasu baƙin da ba a cika sa hotonsu a mujallu ba. Su ne masu gyaran ɗakunan otal, da masu wanke-wanke a gidajen abinci, da leburorin gini, da masu ban ruwan furanni a gidajen attajirai. Da yawansu daga Maroko suke, ko Kudancin Amurka, ko gabashin Turai, ko Afirka ta Yamma, har akwai 'yan Nijeriya masu yawa a unguwar Son Gotleu ta birnin Palma. Su ma bazara ce ke kawo su tsaunukan, don da ita aikin shekara ke farawa. Sai dai kaɗan ne cikinsu ke iya kama haya a Deya, saboda haka da sassafe suke zuwa daga wasu garuruwa, da dare su koma.

Turawa suna da suna dabam ga kowane ɓangare, mai kuɗi da nasa, mai neman kuɗi da nasa, alhali duka garinsu suka baro. Doka ma ta raba su. Ɗan ƙasar Tarayyar Turai da ya yi rajista yana iya jefa ƙuri'a a zaɓen hukumar gari, wanda ake yi cikin Mayu duk bayan shekara huɗu, kamar na ranar 28 ga Mayu, 2023. Ingilishi ma sun riƙe wannan dama ta hanyar wata yarjejeniya da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2019. Amma ɗan Maroko ko ɗan Nijeriya ba shi da ita, sai fa in ya zama ɗan ƙasa.

Abin lura shi ne mutanen yankin su ma jikokin 'yan ci-rani ne. A ƙarni na 19 da farkon na 20 mutanen Solar da yawa sun yi ƙaura zuwa Faransa suna sayar da lemo da kayan marmari, wasu har tsibirin Fotoriko, suka dawo da dukiya suka gina manyan gidaje. A zamanin ne aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Palma zuwa Solar, wadda aka buɗe a 1912, kuma har yau jirgin na aiki.

Gida da ruwa

Yanzu bari mu zo ga abin da ke ci wa 'yan ƙasa tuwo a ƙwarya. Na farko shi ne gida. Duk gidan da aka sa a kasuwa, baƙo daga London ko Munich zai taya shi da kuɗin da saurayin ƙauyen ba zai tara ba ko da zai yi aiki har tsufa. In baƙon zai zauna ne da iyalinsa, ya sa yara a makaranta, ya yi cefane a kantin gari, to da sauƙi. Amma da yawa makonni kaɗan suke yi a shekara, sauran watanni gidan na kulle, ko kuma ana bayar da shi haya ga masu yawon buɗe ido. Samari da 'yan mata na ƙauyen in za su yi aure sai su koma wani gari. Ƙauyen da ba yara kuwa makarantarsa na cikin haɗari, kantinsa ma haka.

Na biyu shi ne ruwa. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ba a cika samun ruwan sama ba, kuma a daidai lokacin ne jama'a ke ninkawa, ga wuraren iyo na gidaje, ga lambunan furanni. A wasu shekarun baya-bayan nan sai da hukumar ƙauyen ta taƙaita ruwan famfo lokacin zafi. Saboda haka mazaunin gaske da bazara idonsa na kan hadari da maɓuɓɓuga, don ya san abin da ya sauka a Maris da Afrilu shi za a sha a Agusta.

Fushin jama'a ya fito fili a 2024, lokacin da dubban mutane suka yi zanga-zanga a Palma cikin Mayu da Yuli, suna kukan tsadar gidaje da cunkoson baƙi. A watan Afrilun 2025 kuma gwamnatin Sifen ta soke tsarin nan da ta kafa a 2013, wanda ke ba baƙo izinin zama in ya sayi gidan Yuro dubu 500. Amma maganar ba mai sauƙi ba ce, don da kuɗin baƙin nan aka gyara gidaje da yawa da suka kama hanyar zama kufai, kuma yawancin ayyukan yi a tsibirin a kan baƙi suka dogara. Zaitun kaɗai ba ya ciyar da Deya a yau.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Tarihin Deya ya nuna akwai wanda kan wuce haka, ya koyi harshe, ya rubuta sunansa a littafin gari, ya biya abin da ke kansa, ya je biki ya je makoki, har in ya mutu a binne shi cikin mutanen da ya zauna da su. Irin wannan baƙo garin ba ya ƙosawa da shi, ko da otal ya zo ko da jakar kaya a kafaɗa. Wanda kuwa ya sayi bango da rufi ya bar wa maƙwabta tsadar haya da ƙarancin ruwa, shi ake kuka da shi. Allah Ya ba mu zama lafiya da masu masaukinmu a duk inda neman abinci ya kai mu, amin.